Nama da ɗan ƙoƙon mate: abinci da zaman mutanen Ajantina

Wani ɗalibi da ya samu gurbin karatu na shekara biyu a birnin Córdoba na ƙasar Ajantina ya aiko da tambaya. Ya ce ya ji ana cewa mutanen can ba su da abinci sai nama, kuma kullum yana ganin 'yan ƙwallonsu riƙe da wani ɗan ƙoƙo suna zuƙa. Yana son sanin gaskiyar cimarsu da yadda suke zaman yau da kullum, da kuma abin da shi Musulmi zai ci da wanda zai kiyaye.

Ƙanena, Allah ya sa ka je a sa'a, ya ba da abin da aka je nema. Jami'ar gwamnati ta garin da za ka tun 1613 aka kafa ta, ita ce mafi tsufa a ƙasar, don haka garin ɗalibai za ka tarar, ba za ka yi kaɗaici ba. Ni harkar kiwo da sarrafa nama ce ta kai ni Ajantina, na zauna da makiyayansu da mahautansu, na ci a gidajensu. Abin da zan fara gaya maka shi ne girkinsu ba shi da tarin kayan haɗi irin namu. Ba daddawa, ba yaji mai tashin kai, sau da yawa gishiri ne kawai. Abin da suke zubawa a abinci da yawa shi ne lokaci. Ba a ci a tsaye, ba a ci a tashi. In ka gane wannan tun kafin ka sauka, rabin baƙuncinka ya ƙare.

Bari in fara da ƙoƙon, domin shi za a fara miƙo maka tun ba ka koyi gaisuwa ba. Sunansa mate. Ganyen wata bishiya ce da ake kira yerba mate, ana busar da shi a daka. Ƙabilar Guaraní ce ta fara shan sa tun kafin zuwan Turawan Sifaniya, daga baya limaman Kirista na ɗariƙar Jesuit suka mayar da shi abin nomawa. Har yau a lardunan Misiones da Corrientes, can arewa maso gabas, ake noma shi. Yana da sinadarin da ke wartsake jiki irin na gahawa da goro, kuma yana da ɗaci sosai ga wanda bai saba ba. A 2013 majalisar ƙasar ta yi doka ta ayyana shi a matsayin abin sha na ƙasa, kuma 30 ga Nuwamba ita ce ranarsa.

Ga yadda ake yi. Ana cika ɗan ƙoƙon duma da ganyen har wajen kashi uku cikin huɗu, a karkata shi ganyen ya taru gefe guda, a tsiyaya ruwa a ɗan ramin da ya samu, sannan a soka wani bututun ƙarfe mai rariya a gindinsa, wanda suke kira bombilla. Ruwan zafi ake so amma ba tafasasshe ba, tsakanin digiri 70 zuwa 80. In ya tafasa ya ƙona ganyen, ɗanɗanon ya gudu da wuri. Shi ya sa kake ganin kowa da fulas a hammata. Mutum ɗaya ne ke zubawa, sunansa cebador. Shi zai sha na farko saboda shi ya fi ɗaci, sai ya sake cikawa ya miƙa wa na kusa. Wanda aka miƙa wa zai shanye duka har bututun ya yi ƙara, ya mayar wa mai zubawa, shi kuma ya cika ya ba na gaba. Ƙoƙo ɗaya, bututu ɗaya, haka zai yi ta zagaye har ganyen ya salamce.

Wanda ya taɓa zama a majalisar shayi a Agadas ko Zinder ba zai ga baƙon abu a nan ba: abin shan kaɗan ne, zaman shi ne babba. Amma akwai ladubba biyu da baƙi ke yawan karyawa. Kada ka juya bututun kamar cokali, domin wanda ya haɗa ya san inda ya ajiye shi, kuma juyawar na toshe rariyar. Na biyu, kada ka ce "gracias", wato na gode, sai lokacin da ka ƙoshi. Godiya a wannan zaman tana nufin a tsallake ka daga yanzu. Mu da muka tashi da godiya a baki a kan kowane abu, wannan sai an riƙa tunawa. Idan kuma shan bututu ɗaya da mutane bai kwanta maka ba, faɗi haka cikin ladabi tun farko. Tun annobar korona ta 2020 mutane da dama suka koma kowa da nasa, ba wanda zai ga baƙinka. Sai dai ni shawarata ka karɓa in za ka iya. Ba a miƙa wa mutum mate sai an yarda ya shigo cikin da'ira, kuma a aji ko ɗakin karatu ta nan abota take farawa. Wani abin sha'awa, ƙasar da ta fi kowace sayen wannan ganye daga Ajantina ita ce Siriya, saboda Larabawan da suka yi ci-rani a can suka koma gida da al'adar.

Yanzu nama. Maganar da ka ji tana da tushe. Shanun ƙasar sun haura miliyan 50, mutanen kuma wajen miliyan 46 ne a ƙidayar 2022, ka ga shanu sun fi mutane yawa. A tsakiyar shekarun 1950 abin da mutum ɗaya ke ci na naman shanu a shekara ya kai kusan kilo 100. Yanzu ya sauko wajen kilo 50, duk da haka suna sahun gaba a duniya. Dalilin yana cikin ƙasar kanta. Akwai wani makeken fili shimfiɗaɗɗe mai ciyawa da ake kira Pampa, ba duwatsu, ba dogon rani irin namu. Turawan Sifaniya sun kawo shanu da dawakai a ƙarni na 16, wasu suka ɓalle suka hayayyafa a daji ba mai su. Daga nan aka samu gaucho, mahayin doki mai yawo da wuƙa a ƙugu, wanda yake kama sa don fatarsa, ya yanki abin da zai gasa, ya bar wa ungulu saura. A lokacin fata ce kuɗi, nama kuwa ba yadda za a kai shi kasuwar nesa sai an cika shi da gishiri. Abin ya juya ne bayan 1876, lokacin da wani jirgin ruwa mai na'urar sanyi ya iso Buenos Aires, babban birnin ƙasar, daga Faransa. Da aka ga nama zai iya ƙetare teku bai lalace ba, sai masu filaye suka ƙara himmar kewaye gonaki da waya, suka yawaita shigo da irin shanun Birtaniya, Shorthorn da Hereford da Aberdeen Angus, aka ƙara shimfiɗa layin dogo zuwa tashar ruwa. A matsayina na mai wannan sana'a zan ƙara da cewa hoton nan na sa yana kiwo a fili har ranar yanka ba shi ne duka gaskiyar yau ba. Noman waken suya ya cinye filaye masu kyau, kuma shanu da yawa yanzu a turke ake ƙarasa ƙibarsu da masara.

Gashin da ake yi da wannan nama shi ne asado, kuma kalmar tana nufin naman da kuma taron. Ranar Lahadi ce ranarsa. Kada ka kwatanta shi da tsire, ya fi kusa da balangu, amma ko balangun ma akwai bambanci. Ba a yanka naman sirara, ba ƙuli, ba mai, ba yaji. Manyan yanka ake ɗorawa, a barbaɗa gishiri mai tsakuwa, shi ke nan. Wutar kuma a gefe ake hura ta, da gawayi ko itace mai tauri irin quebracho, sai ta zama garwashi a riƙa ɗebowa da ɗan shebur ana shimfiɗawa ƙarƙashin ragar ƙarfen, wadda suke kira parrilla. Harshen wuta bai taɓa naman. Mai gashi yakan sa tafin hannu a saman ragar ya ƙirga, in ya kasa jure 'yan daƙiƙoƙi to zafin ya yi yawa. Haƙarƙari ana fara kwantar da shi ta gefen ƙashi, ya yi awa biyu ko fiye kafin a juya shi sau ɗaya tak. Yadda suke fasa sa ma daban ne: haƙarƙarin a gicciye ake yanka shi da zarto ya fito dogo mai ƙananan ƙasusuwa, shi ne tira de asado. Akwai vacío, naman kwiɓi. Akwai entraña, siririn naman da ya raba ƙirji da ciki, wanda ni na fi so. Akwai matambre, shimfiɗaɗɗen naman da ke tsakanin fata da haƙarƙari. Lissafin da masu gida ke yi shi ne rabin kilo ga kowane baƙo. A kudu, yankin Patagonia, rago ake buɗewa gaba ɗaya a ɗaure a jikin ƙarfe, a kafa shi a tsaye gefen wuta, kusan yadda muke yi wa ragon layya.

Ba a kawo naman lokaci guda. Kaɗan-kaɗan yake fitowa daga wuta, a yanka a kan katako a zagaya da shi. Da farko kayan ciki, da suke kira achuras: hanji, ƙoda, da wani taushin nama na wuya mai suna mollejas da suke ji da shi ƙwarai. Waɗannan a da zubar da su ake yi a kwata, talakawa da bayin da aka kawo daga Afirka suke tsinta su gyara. Mutane da yawa ba su san cewa a ƙidayar 1778 kusan kashi uku cikin goma na mazauna Buenos Aires baƙaƙen fata ne ba. Abin da aka raina jiya, yau shi ake fara ba baƙo. Abin da ake ɗan shafawa a nama in an so shi ne chimichurri, haɗin ganyen fasili da tafarnuwa da oregano da ɗan barkono marar zafi, a cikin mai da ruwan khal. Sai salak da burodi. Idan an ci, wani zai ɗaga murya ya ce a tafa wa mai gashi, kowa ya tafa. Daga nan ba a tashi. Za a ci gaba da zama a teburin ana hira awa ɗaya, awa biyu, siyasa da ƙwallo da tsadar rayuwa. Wannan zaman har suna gare shi, sobremesa. Wanda ya goge baki ya miƙe da zarar ya ƙoshi ya yi abin da ba a so.

A nan ne kuma ya kamata ka buɗe ido. A kan ragar nan ɗaya ake gasa chorizo, tsiran da galibi akwai naman alade a ciki, da morcilla, wadda da jini ake yin ta. Su ne ma ake fara ɗorawa. Choripán da za ka ga ana sayarwa a ƙofar filin ƙwallo wannan tsiran ne a cikin burodi. Ka gaya wa mai gida tun ranar da ya gayyace ka, ba ranar cin ba. Abin da na gani shi ne suna ɗaukar maganar da muhimmanci, su ware maka gefen raga ko su kawo wata ƙarama. Riƙe kalmomin nan: cerdo ko chancho shi ne alade, jamón da panceta naman alade ne da aka sarrafa, grasa kitse ne. Jamón yana shiga abubuwa da yawa ba tare da an ambata ba, kuma wasu in ka ce ba ka cin alade ba sa kawo shi a lissafi, sai ka kira sunansa. Kitsen da ake kwaɓa fulawa da shi yawanci na shanu ne, amma wani lokaci na alade ne, don haka ka tambaya a gidan burodi. Batun yanka kuwa, akwai naman halal a ƙasar, domin suna fitar da shi zuwa ƙasashen Musulmi, kuma Cibiyar Musulunci ta Jamhuriyar Ajantina da ke Buenos Aires tana ba da shaidarsa. A unguwar Palermo ta birnin akwai babban masallacin Sarki Fahad da aka buɗe a 2000. Córdoba ma tana da tsohuwar al'ummar Larabawa Musulmi. Ka neme su a makonka na farko, su za su nuna maka mahaucin da suke saye wurinsa. Hukuncin naman da ba su suka yanka ba kuwa, wannan ka zauna da malaminka kafin ka tashi. Giya tana kan kusan kowane tebur, ta inabi daga lardin Mendoza, a Córdoba kuma matasa sun fi shan wata mai ɗaci, fernet, gauraye da lemon kwalba baƙi, wadda a ido ba ka bambanta ta da lemo. Ka ce ba ka sha, ruwa ko soda za a ba ka.

Amma kuskure ne a ce nama ne kawai. Abincin ranakun aiki na mutumin birni rabinsa daga Italiya ya zo. Daga wajen 1870 zuwa 1930 miliyoyin mutane suka kwararo daga Italiya da Sifaniya, har a ƙidayar 1914 kusan mutum uku cikin goma a wata ƙasa aka haife su. Su suka kawo taliya iri-iri, da fiza mai kauri da cuku, da milanesa, wadda ita ce abincin gida na gaske: a yanka nama siriri, a tsoma a ƙwai, a birkiɗa a garin busasshen burodi, a soya, a ci da dakakken dankalin turawa. Kowane yaro zai ce maka ta mahaifiyarsa ta fi. Ranar 29 ga kowane wata ana cin ñoquis, 'yan curin dankali da fulawa, abincin ƙarshen wata lokacin da aljihu ya bushe, wasu har su sa kuɗi a ƙarƙashin faranti don fatan buɗi. Daga nan ne suka laƙaba wa ma'aikacin da ba a ganinsa a ofis sai ranar albashi suna ñoqui.

Ni kuwa abincin da ya fi kama zuciyata na arewa maso yamma ne, Salta da Jujuy da Tucumán, gindin duwatsun Andes, inda girki ya girmi zuwan shanu. Can masara ce sarauniya. Akwai humita, ɗanyar masara da ake gurzawa a haɗa da albasa da kabewa da cuku, a ƙunsa a bawonta a dafa. In ka gan ta alale za ka tuna. Akwai locro, wani fate mai kauri na farar masara da wake da kabewa da nama da tumbi, da ake barin sa a wuta tun safe har kabewar ta narke. Shi ake ci a ranakun ƙasa, 25 ga Mayu ta juyin 1810 da 9 ga Yuli ta samun 'yanci a 1816, kuma duka biyun lokacin sanyi ne a can. Sai dai locro na kasuwa kusan kullum da alade a ciki, don haka ko ka dafa naka, ko ka ci na wanda ka yarda da shi. Da naman sa da ƙafar sa yana yin daɗi ba abin da ya rage. Sai empanada, ɗan'uwan sambusa, wanda kowane lardi ke cewa nasa ne na asali. Na Salta ƙanana ne da dankali da nama yankan wuƙa, na Tucumán ruwa-ruwa ana matsa musu lemon tsami, na Córdoba da ɗan zaƙi da busasshen inabi. Yadda aka naɗe bakin kowanne shi ke nuna abin da ke ciki. A garinka za ka samu empanada árabe mai kusurwa uku, da nama da albasa da lemon tsami, gadon 'yan Siriya da Labanan, al'ummar da Carlos Menem, shugaban ƙasa daga 1989 zuwa 1999, ya fito daga cikinta. A duwatsun Córdoba gasasshen ɗan akuya ya yi suna. Arewa maso gabas kuma rogo ne da kifin kogin Paraná, da chipá, ɗan burodin garin rogo da cuku.

Kayan zaƙi duk a kan dulce de leche suke tafiya. Madara ce da sukari da ɗan garin soda, a yi ta juyawa a wuta har ta yi kauri ta yi ja; alawar madara ce da aka sauke kafin ta daskare. Ana shafa ta a burodi, ana cusa ta tsakanin biskit biyu a kira shi alfajor. In ana ruwan sama kuwa, gidaje da yawa sai a soya torta frita, kwaɓin fulawa mai faɗi, a ci da mate.

Tsarin yini shi zai fi ba ka wuya a farko. Karin kumallo ba nauyi, gahawa ko mate da ɗan burodi. Abincin rana wajen ƙarfe 1. A garuruwan cikin ƙasa shaguna da yawa suna rufewa daga nan har wajen 4 ko 5 don ƙailula. Da la'asar sakaliya akwai merienda, shayi da abin taɓawa, kuma kada ka raina ta domin abincin dare sai 9 ko 10. Gidan abinci da ka je ƙarfe 7 za ka tarar ana share ƙasa. Damina da rani ba irin namu ba ne: Disamba zuwa Fabrairu zafi, Yuni zuwa Agusta sanyi na gaske, karatu kuma a Maris yake farawa. Agogonsu yana bayan na Najeriya da Nijar da awa 4.

Gaisuwarsu sumba ɗaya ce a kunci, mace da namiji, har namiji da namiji in an saba. Idan ba za ka yi ba, sa hannu a ƙirji da fara'a ka yi bayani sau ɗaya; abin da ke ɓata musu rai shi ne a ja da baya ba magana. Suna magana da ƙarfi, suna katse juna, suna kiran kowa che, kuma suna laƙaba wa mutum suna daga siffarsa ba tare da nufin cin fuska ba. Da ka ce daga Najeriya kake, ƙwallo za a hau: sau biyar aka haɗu a gasar cin kofin duniya, 1994 da 2002 da 2010 da 2014 da 2018, kai kuma kana da wasan ƙarshe na Olamfik na Atlanta a 1996, da aka ci su 3 da 2. A Córdoba za a tambaye ka Talleres kake ko Belgrano, manyan ƙungiyoyin ƙwallon garin. Kada ka yi saurin zaɓa sai ka san na mai gidanka.

Ka kuma sani za ka tarar da mutanen da tsada ta gasa. A 2023 hauhawar farashi ta haura kashi 200 cikin ɗari. Gidaje da yawa sun rage asado, kaza ta zo kafaɗa da kafaɗa da naman shanu, kuma a unguwannin talakawa akwai wuraren dafa abinci na taimakon juna da mata ke riƙe da su. Saboda haka in abokan karatu suka gayyace ka gashi, yawanci karo-karo ne, a raba kuɗin daidai a ƙarshe. Tambayi rabonka, kada ka jira a tambaye ka. In gidan iyali ne, ka riƙo kayan zaƙi daga gidan burodi ko lemo.

Abu na ƙarshe, guzuri. Kada ka sa kilishi ko dambun nama a jaka, hukumar kula da lafiyar dabbobi da tsirrai ta ƙasar, SENASA, tana ƙwace nama a filin jirgi, kuma duk wani abin ci da ka riƙo ka bayyana shi. Barkono mai zafi ba ya cikin girkin yawancinsu, amma masu sayar da kayan miya 'yan Bolibiya suna da wani mai suna locoto, wanda zai tsaya maka a madadin attaruhu. Wurinsu kuma za ka samu gyaɗa da citta, ka daka yajinka. Ranar da aka gayyace ka asado na biyu, tafi da shi a ɗan kwalba ka ajiye kusa da chimichurri, amma ka gargaɗe su su fara da kaɗan.